Jariri da ruwan sha a zafin bazara: nonon uwa zalla ya isa har wata shida?

Baban Jariri, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da iyayenmu mata da ke wannan zaure. Allah ya sauki maiɗakina lafiya a farkon watan Maris, kuma wannan ce haihuwarta ta fari. Tun tana zuwa awon ciki ake jaddada mata cewa kada a ba jariri komai sai nono har ya cika wata shida, ko ruwa kada a ɗiga masa. To, duk wanda ya san Garwa ya san irin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, babba ma ba ya iya awa guda bai leƙa randa ba. Mahaifiyata, wadda muke gida ɗaya da ita, ta ce hana jariri ruwa a wannan yanayi zalunci ne, domin dukkanmu da ruwa da ɗauri ta goye mu, kuma ga mu nan da ranmu. Maiɗakina ba za ta iya musu da surukarta ba, ni kuma ba na son in zama ɗan da ke gyara wa mahaifiyarsa goyo. Shin da gaske nono kaɗai yana kashe wa jariri ƙishirwa a irin wannan zafi? In kuwa haka ne, ta wace hanya zan fahimtar da Inna ba tare da na ɓata mata rai ba? Ina kuma mamakin yadda hukumomi suka ɗauki wannan magana ta cikin ɗaki suka mai da ita abin shela a rediyo.

Ungozoma, Marwa

Wa alaikumus salam. Malam, barka da arziki, Allah ya raya shi, ya ba mai jego lafiya.

Abin da aka gaya wa maiɗakinka daidai ne, kuma bai keɓe ƙasashen sanyi ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Idan jariri ya kama mama, nonon da ke fara fitowa tsinkakke ne, shi ke kashe masa ƙishirwa, sai daga baya mai kauri da maiƙo ya biyo, shi kuma ya ƙosar da shi. Saboda haka jaririn da ke jin zafi yakan nemi mama a kai a kai, ya ɗan sha ya saki, ba da jimawa ba ya sake nema, kuma wannan shi ne shan ruwansa. Abin da ya kamata a yi a bazara shi ne a ƙara masa yawan shayarwa dare da rana, duk lokacin da ya nema, aƙalla sau takwas zuwa sha biyu a yini da kwana, ita kuma uwar a ajiye mata ruwa kusa da ita ta riƙa sha gwargwadon ƙishirwarta.

Illar ruwan ta fi abin da mutane ke zato. Cikin jariri ɗan ƙarami ne ƙwarai, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin nono, alhali ruwan ba shi da komai na gina jiki. Idan cikinsa ya cika da ruwa sai tsotsonsa ya ragu, mama kuwa tsotso ne ke sa ya kawo nono, gwargwadon yadda aka janye haka yake sake tarawa. Bayan 'yan makonni sai a ji ana cewa nonon mai jego ya ƙafe, a tafi neman madarar gwangwani ko a fara ɗura koko tun yaro bai kai ba, alhali ruwan da aka fara da shi ne ya jawo hakan. Sannan ga batun tsabta. Ka dubi randar gidanku da kyau: moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa, yaro ya dawo daga wasa ya ɗauka, ya sha, ya kife ta a bakin randar ko ya bar ta a ƙasa, wani ya zo ya ɗauraye ta sama-sama ya sake tsomawa. Hanjin babba ya saba da wannan, na jaririn wata ɗaya bai saba ba. Gudawa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara ƙanana a yankinmu, kuma ita ce ke ƙarar da ruwan jikin jariri har maɗigarsa ta faɗa, wato abin da ake gudu da ba shi ruwan shi ne ruwan ke kawowa.

Akwai hanyar da Inna za ta gani da idonta cewa jikanta ba ya tare da ƙishirwa. A lura da fitsarinsa: idan yana jiƙa zane sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma fari ne ba mai duhu da ƙarni ba, yana kuma ƙara nauyi duk lokacin da aka kai shi awo, to yana samun abin da ya ishe shi. Idan kuwa fitsarin ya ragu, ko ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi ko ya saki, wannan ba matsalar da cokalin ruwa zai magance ba ce, a kai shi asibiti nan take. Maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, da ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari idan an umarta, duk ba su karya ƙa'idar nono zalla ba.

A kuma duba yadda yake kama maman, domin yawancin kukan da ake fassarawa da ƙishirwa daga nan yake. Bakinsa ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa maman, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan, ba kan kaɗai ba. Idan kan kawai yake tsotsa, uwa za ta ji zafi har ya tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba.

Hajiya Kaka, Kusiri

Jikata ce ke karanta mini abin da ake rubutawa a nan, ita ce kuma ke rubuta wannan da bakina. Ɗana, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne.

Ban ƙi maganar ungozoma ba, amma ina so a daina ɗaukar mu tsofaffi kamar mu ne cutar. Mahaifiyarka ba mugunta take yi ba, abin da ta gada take yi, kuma tausayi ne ke sa ta. A zamaninmu idan mace ta haihu, daƙashi ba a ba jariri, matse shi ake yi a zubar saboda ana ganin gurɓatacce ne, a yi kwana biyu ko uku ana lallaɓa yaro da ruwan ɗumi ko nonon akuya kafin a ce nonon uwa ya gyaru. Yanzu an nuna mana cewa wannan ruwan ɗorawa mai kauri shi ne kariyar farko da yaro ke samu daga cuta, kuma a sa shi a mama tun cikin awar farko, tsotson ma yana taimaka wa mahaifa ta koma, jini ya tsaya. Jikokina duk haka aka yi musu. Maganar da mukan yi kuwa, cewa da ruwa muka goye ku kuma ga ku nan, gaskiya ce, sai dai waɗanda suka rayu kaɗai muke ƙirgawa. Duk macen da ta kai shekaruna, idan ka zauna da ita cikin natsuwa ka tambaye ta nawa ta haifa, nawa ke raye, za ka ji lissafin da ba ta cika faɗa ba. Muna cewa kwanansu ne ya ƙare, kuma haka ne, amma da yawansu da zawo suka tafi.

Inda nake ganin ma'aikatan asibiti ke kuskure shi ne, yarinyar da ba ta da ta cewa ita suke tarawa suna yi wa wa'azi. Yarinya mai haihuwar fari a gidan surukai ko sunan ɗan ba ta faɗa, balle ta ce kada a ba shi kaza. Kunyar ɗan fari tana sa wata ta ji yaron yana kuka ta kasa ɗaukarsa ta ba shi mama a gaban mutane, sai an ce mata ta ɗauka, kuma kafin nan wata ta riga ta lallashe shi da ruwa. Kwana arba'in na jego, jariri a hannun tsohuwa yake: ita ke masa wanka, ita ke gasa masa cibiya, ita ke kwantar da shi. Wanda duk yake son a daina ba jariri ruwa, da ita zai yi magana.

Kai kuma kada ka tunkare ta da cewa likita ya ce. Ranar da za a kai yaron awo ko rigakafi, ka roƙe ta ta raka su, ka sa ungozomar ta yi mata bayani a matsayinta na babba, ta ga an ɗora jikanta a sikeli an ce ya ƙaru. Sannan ka damƙa mata amanar a hannu, ka ce Inna, ke ce za ki tsare mana shi kada kowa ya ɗura masa komai, ke ce kuma za ki tsaya a kan cin mai jego da shanta. Tsohuwar da aka ba riƙo ta fi kowa tsanani. Kai ma akwai naka: kunun gyaɗa, da nama ko kifi, da ganye a miya, ba a bakin ungozoma suke fitowa ba, daga aljihun maigida suke. Kuma bayan arba'in kada a sakar mata daka da ɗiban ruwa da girkin gida gaba ɗaya sannan a ce ta shayar sau goma.

Malamin Makaranta, Njamena

Malam Baban Jariri, iyayenmu mata sun gama da ɓangaren gida, ni zan taɓa tambayarka ta ƙarshe, wato dalilin da ya sa hukuma ta shigo cikin maganar.

Dalilin shi ne yawan rayukan da abin ya shafa. A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani babban nazari da ya ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 823,000 a kowace shekara, da kuma mata kimanin 20,000 daga mutuwar sankarar mama. Da wuya a sami wani mataki na kiwon lafiya mai irin wannan tasiri wanda ba ya buƙatar firji ko wutar lantarki ko kuɗin saye. Shi ya sa a 2012 Babban Taron Lafiya na Duniya ya sa burin cewa zuwa 2025 aƙalla rabin jariran duniya 'yan ƙasa da wata shida su kasance a kan nono zalla. Ƙasashenmu biyu, Kamaru da Chadi, sun jima a ƙasa da wannan buri. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Kamaru a 2018 ya sami kusan kashi 40 cikin ɗari. A nan Chadi, irin wannan bincike na 2014 zuwa 2015 ya sami ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ya sa ƙasar a sahun ƙarshe a duniya, ko da yake binciken 2019 ya nuna an ɗaga zuwa wajen kashi 16. Wannan ba ya nufin matanmu ba sa shayarwa, kusan kowace uwa tana shayarwa, har ta daɗe tana yi. Ruwan da ake haɗawa da shi ne ke rushe lissafin, kuma saboda haka ne a 2019 UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinsu suka ƙaddamar da gangami na musamman a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a kan nono kaɗai ba tare da ruwa ba.

Akwai kuma abubuwan da iyali ba za su iya yi da kansu ba, dole sai hukuma. Na farko shi ne kasuwancin madarar gwangwani. Tun 1981 aka amince da ƙa'idar duniya da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, da raba ta kyauta ga masu jego, da ba ma'aikatan lafiya kyaututtuka don su yaba ta, Kamaru kuma ta fitar da nata hukuncin a kan haka a 2005. Amma ƙa'ida ba ta tsare kanta, sai an sami masu bibiya. Madarar tana da wurinta, ga marayan da ba a sami mai shayar da shi ba, ko inda likita ya ga larura. Haɗarin yana wurin iyalin da suka fara ta don ganin alama ce ta wayewa, gwangwani ya ƙare kafin ƙarshen wata, a shiga tsinka ta da ruwa don ta kai, a bulumbotin da ba a tafasa ba. Ƙarshen irin wannan yaro sau da yawa ɗakin masu tamowa ne. Abin ya fi muni a lokacin gudun hijira ko ambaliya, kamar wadda ta auka wa garin Yagwa na Kamaru da sassan Njamena a 2024, inda ruwa mai tsabta ke yankewa, masu niyyar alheri kuma su zo suna rabon madara ba tare da tantancewa ba.

Sai batun aiki. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da damar awa ɗaya a kowace ranar aiki don shayarwa har tsawon wata 15 bayan haihuwa. A ganina akwai saɓani a nan, domin an ce wa uwa wata shida, an kuma ba ta hutun da bai kai wata huɗu ba. Wannan ma ga mai albashi ke nan. Mai sayar da kifi a bakin kogin Logon, da mai tuyar ƙosai, da mai aikin gona, ba su san wani hutu ba, ranar da ba su fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Makon shayarwa da ake yi daga 1 zuwa 7 ga Agusta yana da amfaninsa, amma riguna da jawabai ba za su sama wa waɗannan mata inuwar da za su zauna su shayar a kasuwa ba.

Almajirin Malam, Ngawundare

Ina so in ƙara abin da zai iya sauƙaƙa maka magana da mahaifiyarka, domin wani lokaci ana ɗaukar wannan kira kamar baƙon abu ne da aka kawo daga Turai. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya ce iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma a cikin ayar dai ya ɗora wa uban yaro ciyar da su da tufatar da su gwargwadon hali. Ke nan abin da Hajiya ta faɗa game da aljihun maigida ba al'ada kaɗai ba ce. Shari'a ta girmama nono har ta sa shi yana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an yi wa mai shayarwa rangwamen ajiye azumi idan ta ji wa ɗanta tsoro, ta rama daga baya tare da ciyarwa.

Abin da mutane kan kafa hujja da shi shi ne taunawar dabino da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa wasu jarirai, kamar Abdullahi ɗan Zubairu. Wannan ya inganta, amma ɗan abin dabino ne ake gogawa a dasashi sau ɗaya, ba shayarwa ba ce ta kullum. Rubutu da zamzam kuwa, ban san wani nassi da ya wajabta ɗura su ga jariri ba. Wanda yake neman albarkarsu ya ba uwar ta sha, shi kuma yaron a yi masa addu'a a tofa masa.

Ungozoma, Marwa

Hajiya, na karɓi gyaranki, kuma abin da kika faɗa a kan kunyar ɗan fari muna ganinsa kullum a ɗakin haihuwa, inda yarinya za ta juya wa jaririnta baya saboda surukarta na tsaye, sai mun fitar da kowa sannan ta sa shi a mama. A wurin da nake aiki mun fara roƙon a zo mana da kaka ko miji a awon ƙarshe kafin haihuwa, kuma gidajen da suka amsa ba mu cika shan wahala da su ba.

Almajirin Malam, a kan abin da ake gogawa a baki ina da jan hankali ɗaya: wasu suna musanya dabino da zuma, zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri har numfashinsa.

Game da matan da dole su fita nema, wanda ya fi shi ne a tafi da yaron a goye, a shayar da shi a can. Idan ba hali, uwa ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa a kofi mai murfi wanda aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗakin, mai reno ta ba shi da ƙaramin kofi a hankali yana zaune a cinyarta, ba da bulumboti ba, kuma ba ɗura ba. Inda babu firji kada ya wuce awa huɗu, a tsananin bazara ma gara a ba shi da wuri. Da dare kuma ta bar shi ya sha iya sonsa, domin shayarwar dare tana ƙara yawan nono. Uwar da ke ɗauke da cutar ƙanjamau ita ma shawarar da ake ba ta yanzu ita ce ta tsare shan maganinta kullum, ta shayar da nono zalla wata shida, domin gauraya nono da wasu abubuwa a watannin farko ya fi jefa yaron cikin haɗarin kamuwa.

Baban Jariri, idan ɗanka ya cika wata shida, wajen watan Satumba ke nan, sai a fara masa ruwan da aka tafasa ya huce, da kunu mai kauri wanda aka sa wa gyaɗa ko waken soya, a riƙa ƙara ƙwai da kifi da ganye sannu a hankali, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Kafin nan, ka riƙa kai shi awo kowane wata tare da Inna, katin awon kuma a bar shi a hannunta.